Awa Biyu A Sama, Wata Guda Ana Jira



A tsakiyar tekun Atlantika ta kudu akwai tsibirai biyu da ke ƙarƙashin Ingila: Santa Helena, inda Napoleon ya rasu a 1821, da kuma Asenshon. Tsakaninsu kilomita kusan 1,300 ne, wato kwatankwacin tafiyar Yamai zuwa Difa, sai dai ba gari, ba zango, ruwa ne zalla.

Mazauna Asenshon kimanin mutum 800 ne, kuma galibinsu 'yan Santa Helena ne da neman abinci ya kai su can, suka baro iyaye da dangi a gida. A dā jirgin ruwa ke sada su, cikin kwana biyu zuwa uku. A 2017 jiragen fasinja suka fara sauka a Santa Helena, tafiyar ta koma awa biyu kacal. A 2018 aka ajiye jirgin ruwan.

To amma da aka buɗe hanyar, sau ɗaya a wata aka tsara tashin jirgin. Ga shi filin yana bisa tsauni, inda iska kan juya ba zato, har ta hana sauka. Wanda mahaifiyarsa ta kwanta ciwo kashegarin tashin jirgi, nisansa da ita ba awa biyu ba ne, makonni huɗu ne.

Mu da motar garinmu ke tashi kullum daga tasha, mene ne uzurinmu? Zumunci a ƙafa yake.

Wassalam.