Daga Bakin Rumfa: Idan Fankar Lagireto Ta Ƙi Tashi

Ga bazara ta shigo, kuma yawancinmu tsofaffin motoci muke ja, irin su Golf, Peugeot 406, Corolla da Carina, waɗanda sun ci zamaninsu a Turai kafin su sauka tashar jirgin ruwa. Wannan makon zancen fanka za mu yi, wato fankar lantarki da ke jikin lagireto. Abu ne ƙarami, amma idan ta tsaya ba ka lura ba, sai inji ya tafasa, gasket ya ƙone, kuɗin da ka ware na sarin kaya ya tafi wurin bakanike.

Da farko ka gane ko laifin fankar ne. Idan kana gudu a babban titi, iskar da ke bugo gaban mota ta isa ta sanyaya lagireto. Ana buƙatar fanka ne a lokacin da mota ke tsaye ko tana jan ciki. Saboda haka idan allurar zafi tana hawa a cunkoson Dantokpa ko Kejetia, ko a layin kan iyakar Malanbil da Gaya, amma ta sauko da zarar hanya ta buɗe, to fanka za ka fara tuhuma. Idan kuwa a kan gudu take hawa, ka nemi matsalar a wani wuri: ƙarancin ruwa, toshewar lagireto, famfon ruwa, ko tamostat da ya maƙale.

Kafin ka taɓa komai, gargaɗi biyu. An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma a kan murfin lagireto, bari ya huce shi ne zaman lafiya, domin ruwan ciki a matse yake, zai iya feso maka a fuska. Na biyu, a motoci irin Golf fanka tana iya tashi da kanta ko an zare makulli. Kada ka sa hannu cikinta sai ka cire kan batir, kuma ka tattare hannun babbar riga.

Ni dai ga yadda nake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na ɗaya, ruwa. Makunnin da ke tada fanka zafin ruwa yake ji. Idan ruwa ya yi ƙasa har bai taɓa shi ba, ba zai ji komai ba, fanka kuma lafiyarta lau za ta yi shiru. Da sanyin safiya ka duba, ka cika.

Na biyu, idan AC ɗinka na aiki, tada mota ka kunna shi. A motoci da yawa fanka takan tashi tare da shi. In ta tashi, ka san motar fankar da ranta, sai ka koma kan makunnin zafi.

Na uku, fis. Galibi babba ne, mai lamba 30 ko 40, kuma akwai zane a murfin akwatin da ke nuna wurinsa. Idan ya ƙone, sa mai lamba iri ɗaya. Idan sabon ma ya ƙone nan take, to akwai dalili: ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko fankar ta yi tauri tana jan wuta fiye da ƙima. Don Allah a daina naɗa waya ko takardar kwalin taba a madadin fis. An yi shi ne don ya ƙone a maimakon motarka.

Na huɗu, rile, ɗan akwatin nan mai ƙafafu huɗu ko biyar. Sau da yawa za ka ga wani irinsa sak a gefensa, kamar na oda. Musanya su. In fanka ta tashi, ka kama ɓarawonka, kuma sabo ba shi da tsada.

Na biyar, makunnin zafi. Yawanci yana tada fanka ne idan ruwa ya kai tsakanin digiri 90 da 100. A nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi, don motocin ba halinsu ɗaya ba. A tsofaffin Toyota, idan ka zare soket ɗinsa makulli na kunne, fanka za ta tashi. A Golf da tsofaffin Honda kuwa, sai ka haɗa bakin wayoyin soket ɗin da guntun waya sannan ta tashi. A 406 na farko-farko, zare soket mai ruwan ƙasa yakan sa fankokin su tashi da cikakken ƙarfi. Ko ta wace hanya, idan fanka ta amsa wannan gwaji amma ta ƙi tashi da kanta, makunnin ne ya mutu.

Na shida, ita kanta fankar. Cire kan batir, juya fiffiken da yatsa. Ya kamata ya juya sumul. Sannan a ba ta wuta kai tsaye daga batir da wayoyi biyu, da fis a tsakani. In ta yi shiru, ko sai an ɗan ƙwanƙwasa bayanta take motsi, kabon ɗinta ya cinye. In ta juya da ƙarfi, laifin yana hanya: soket da ya yi tsatsa ko ya narke, ko wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota ta saki. Mu da ke bakin teku a Kwatano da Lome, iskar gishiri na cin waɗannan wurare sosai. In kuma fanka ba ta tashi sai allura ta kusa ja, sannan ta taso da ƙara, to ƙaramin gudunta ne ya mutu, babban ya rage.

Wanda ya sayi fanka ta hannu, ya gwada ta a gaban mai kaya. Bayan an ɗaura, sa takarda a gaban lagireto. Ya kamata iska ta manne ta a jiki. In tana turo ta waje, an juya wayoyin, fankar tana faɗa da iskar hanya.

Saura maganar da muka sha gardama a kanta da masu wayarin, wato haɗa fanka dairek ta yi ta juyawa daga tada mota har kashewa, a kuma cire tamostat a yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ra'ayina, idan a hanya ka maƙale tsakanin Parakou da Kandi da kaya a but da yara a baya, haɗa dairek da fis a kai har ka isa gari. Amma kada ya zama na dindindin. Fanka za ta mutu da wuri, kuma ranar da ta mutu ba za ka sani ba, don ka daina sauraronta. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa kuma ya fi shan mai.

Ga uwayen gida masu kai yara makaranta: in allura ta doshi ja, a kashe AC, a gangara gefe, a kashe mota, a kira maigida. Makarar rabin awa ta fi sayen inji.

A ajiye fis biyu, rile ɗaya, guntun waya da jarkar ruwa a mota. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.