An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk ranar da Mena ta sha kashi, ƙasar nan ba ta rasa alƙalai. Daga fadojin samarin Sarkin Yamma zuwa rumfunan babbar kasuwar Maraɗi, har cikin ofisoshin Madarumfa inda ake ture takardun talakawa gefe a ɗauki shari'ar ƙwallo, hukuncin ɗaya ne: mai horarwa bai iya tsara hari ba. Don me ya bar ɗan gaba guda tilo? Don me ya ciro wane ya saka wane saura minti goma? Don me aka yi ta cilla ƙwallo sama kamar masu jifar kanya? A kore shi!

Magana haƙƙin ɗan kallo ce. Ƙasar da ta zauna Taron Ƙasa a 1991 domin kowa ya sami bakin faɗa ba za ta hana wanda ya biya kuɗin gidan kallo bayyana ra'ayinsa ba. Amma wannan fushi ya ɓata hanya, kuma babu mai cin moriyarsa sai mahukunta, waɗanda a kullum suke neman wanda za su miƙa wa jama'a domin su tsira da kujerunsu.

Mai shakka ya tuna da 2012. Harouna Doula, ɗan ƙasa, shi ya kai Nijar gasar Kofin Afirka karo na farko a tarihi, bayan ya sha gaban Afirka ta Kudu da Saliyo da Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. Hukumar ƙwallon Afirka ta naɗa shi gwarzon mai horarwa na 2011. Duk da haka, kafin a tafi Gabon sai hukumar FENIFOOT ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, tsohon mai horar da Marseille, wai mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Mena 2 da 0 a wasan farko, sai aka mayar da Doula gefe, aka danƙa wa baƙo ragama. Me ya biyo baya? Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da 0. A 2013, a Afirka ta Kudu, Bajamushe Gernot Rohr ne ya ja tawagar: Mali ta ci 1 da 0, aka tashi babu ci da Kwango ta Kinshasa, Gana ta zuba 3 da 0.

Ɗan kasuwa ya iya lissafi, to ya haɗa wannan: masu horarwa 3, wasanni 6, maki 1, ƙwallo 1 tak, wadda William N'Gounou ya jefa a ragar Tunisiya. Ɗan ƙasa da Bafaranshe da Bajamushe, kowa da dabararsa, amma raga ta ƙi motsi. Tun a wasannin share fage alamar ta fito: Mena ta ci wasanninta 3 na gida a filin Seyni Kountché na Yamai, ta faɗi 3 na waje ba tare da ta jefa ko ƙwallo guda ba. Idan an sauya direba sau uku mota ba ta tashi ba, mai hankali inji yake buɗewa.

Ɗan gaba ba a rana ɗaya ake ƙera shi ba. Sanin inda za a tsaya, da lokacin tsere wa ɗan baya, da bugu da kowace ƙafa, abubuwa ne da ake koyo tun ana ɗan shekara 10, a wasa na gaske mai alƙali da ƙa'ida, mako bayan mako. To yaron Sarkin Yamma, da ke buga ƙwallon tsumma a kan rairayi bayan ya taso daga lekol, wace hanya ce za ta kai shi Jangorzo ko Ɗan Kasawa ta Maraɗi, balle Mena? Wa zai gan shi? Wa zai rubuta sunansa?

Kokawa ta riga ta ba da amsa. Tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, kowane ɗan kokawa ya san matakalarsa: dandalin ƙauye bayan kaka, zaɓen jiha, sannan gasar ƙasa. Shi ya sa Nijar ba ta taɓa aron baƙo ya koya mata kayar da ƙato ba. Ƙwallo kuwa an gina ta daga rufi, an manta da harsashi.

Kada wani ya ce yaran ne ba su da baiwa. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 sun je gasar duniya a Indiya, suka tsallake zagayen farko. A farkon 2023, a Aljeriya, ƴan wasan cikin gida, a ƙarƙashin wannan Doula da aka wulaƙanta, sun fitar da Gana da ci 2 da 0, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Maraɗi kanta ta karɓi wasannin Kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Fili yana nan, yara suna nan. Tsari ne ya yi ƙaranci.

Saboda haka masu kururuwa su sauya tambaya. A tambayi mahukuntan gari nawa aka ware wa wasannin makarantu, kuma ina kuɗin suka shiga. A tambayi ma'aikatar ilimi da ta wasanni yaushe makarantun karkarar Madarumfa za su sami gasa mai jadawali, wadda ba ta jiran ziyarar minista. Alhazan Maraɗi, da ba su ƙyashin liƙa wa makaɗa kuɗi, su sani kuɗin riguna da ƙwallaye na makaranta guda bai kai na biki ɗaya ba. Ma'aikacin da ya iya tsara hari a bakin tebur, ya fara tsara takardar da ke jiran sa hannunsa.

Korar mai horarwa ba ta cin ko dala daga aljihun mai mulki. Shi ya sa ake saurin yin ta. Muddin jama'a sun gamsu da wannan hadaya, za a kawo wani baƙon, a biya shi da kuɗin talakawa, a sake faɗuwa, a sake taruwa a fada ana zagin taiki.