Ɗaurin Kaya Na Zamani



Kakanninmu fatake, masu zuwa Gwanja sayen goro, ba su ɗora wa jaki kaya a warwatse. Sai sun ɗaure huhu tam tukuna. To, mu ma yau muna da kayan ɗauri, sai dai namu takardu ne na cikin kwamfuta.

Da yawa daga cikinmu nan titi na 116 a Harlem, inda a ke kira Ƙaramar Sanigal, muna yawo da filashi a aljihu, cike da hoton fasfo, da takardar haihuwa, da takardun fili na Kano ko Maraɗi. Mu kan shiga kantin buga takarda mu buɗe su, mu tafi mu bar asirinmu a kwamfutar wani. Wannan sakaci ne.

Ga magani. Akwai wata manhaja ta kyauta, 7-Zip, wadda wani mutumin Rasha, Igor Pavlov, ya fito da ita a 1999. Aikinta ta tara fayil da yawa, ta matse su ƙunshi guda, ta kuma kwance in an bukata. PortableApps.com kuwa sun yi mata iri mai zama cikin filashi, watau ba sai an girka ta a kwamfutar mai kanti ba, muddin dai Windows ce.

Dabarar matsin ita ce, abin da ya maimaitu sai a rubuta shi sau ɗaya. Saboda haka rubutu ya kan ragu ƙwarai, amma hoto da bidiyo ba su cika raguwa ba, don tun asali a matse su ke. In ƙunshin ya wuce megabait 25 da Gmail ya ke ɗauka, tana iya yanka shi gunduwa-gunduwa.

Babban amfaninta shi ne kulle. A zaɓi tsarin 7z, a sa kalmar sirri, a ɓoye har sunayen fayil. In za a kwance, a kwance cikin filashi, ban da kwamfutar mutane. In za a aika gida, kada mabuɗi ya bi kaya, a faɗe shi ta waya. Amma fa wanda ya manta kalmarsa, babu maƙerin da zai fasa masa.

Samari masu ilmin abin, ku taimaki dattawa. Rigakafi ya fi magani.