Daɓen Gareji: A Gyara Ƙasa Kafin A Sayi Ƙyalli



Duk wanda ke bin hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya ga yadda gini ya sauya salo, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011. Yanzu ko a Wurma, mai ɗan hali idan ya tashi gini sai ya fitar da gareji, ko aƙalla faffaɗan zauren da babur zai kwana. Da an gama rufi kuma sai tambaya ta taso: me za a sa a ƙasa? Wani ya ce tayil, wani ya ce fenti, wanda ya leƙa Facebook ya ce ifoksi, wannan shafi mai ƙyalli kamar madubi. Mu a ganinmu an fara tambayar ne daga ƙarshe. Kowane shafi ƙarfinsa na daɓen da ke ƙarƙashinsa ne, don haka can ya kamata kuɗin mai gida su fara sauka.

Mu fara tuna irin wahalar da ƙasan gareji ke sha a wajenmu. Taya kan shigo da zafi bayan ta taka kwalta a watan Afrilu. Baƙin mai yana ɗiga daga babur da janareto. Ana kafa jak, ana yar da sifana, ana jan baro. Da hunturu ƙura da yashi kan shigo, takalmi da taya su riƙa gurza su a ƙasa kamar ana goge katako. Da damina, musamman a Agusta, danshi kan taso daga ƙarƙashi. Sannan garejinmu ba na mota kaɗai ba ne: da kaka nan ake jibge buhunan gero da dawa da wake. Ƙasan da ke tsatso lema na iya ɓata wa magidanci abincin wata uku, wanda ke santsi kuma ya kayar da tsohuwa ta karye a kwankwaso.

Iyayenmu mata sun san wannan ilimi tun kafin siminti ya zo. Idan za a yi wa ɗakin amarya daɓe, sai a shimfiɗa tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru kowacce da madaɓinta, suna bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe. Bayan nan a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a riƙa yayyafa ruwanta ana sake bugu, har daɓen ya yi ja-ja-baƙi ya ƙanƙame. Abu biyu ne sirrin aikin: an danne ƙasa sosai, kuma makuba ta ratsa cikinta, ba ta tsaya a sama ba, shi ya sa babu abin da zai ɓare. Ba muna cewa a koma daɓen makuba a gareji ba, domin ba zai jure jak da nauyin mota ba. Darasinsa ne muke so a ɗauka.

Yanzu mu auna kayan zamanin ɗaya bayan ɗaya. Fentin ƙasa na gwangwani shi ya fi araha, shi ya fi saurin mutuwa. Fatar sama ce kawai. Taya mai zafi kan manne masa ta ɗago shi, danshi kuma ya kumbura shi. Araha dai ba ta ado.

Tayil yana da kyau a ido, da sauƙin gogewa. Amma irin na falo ba don mota aka yi shi ba. Duk inda mai aiki ya bar rami a ƙarƙashinsa, ranar da taya ta hau sai ya fashe, kuma da wuya a sake samun irin launinsa a kasuwa bayan shekara biyu. Idan ruwa da mai suka haɗu a kansa, santsinsa abin tsoro ne. Wanda ya nace sai tayil, ya nemi mai kauri, mai kaushin fuska, a kuma cike ƙarƙashinsa tsaf.

Ifoksi kuwa mu ba shi haƙƙinsa. Ruwa iri biyu ne ake haɗawa su daskare, baƙin mai ba ya ratsa shi, shi ya sa masana'antu da asibitoci ke amfani da shi. Sai dai yana da sharuɗɗa masu tsauri: kankaren ya kai aƙalla kwana 28, ya bushe sarai, a gurje fuskarsa da inji, kuma kada a bar ɗigon mai ko ɗaya. Idan danshi na tasowa daga ƙasa, sai ya yi kumburi ya fara salɓewa, hasken rana kuma yana mayar da shi rawaya-rawaya. Galibi sai an ɗauko mai aikin daga birni. Ranar da ya ɓare, wa za a kira a Wurma? Mai son gwada garejinsa ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya manne gefunanta da salatif, ya bar ta kwana ɗaya. Idan ya ɗaga ya ga gumi ko wurin ya yi duhu, to ya adana kuɗinsa, babu shafin da zai zauna a nan.

Tarazo, wanda muke gani a tsofaffin makarantu da asibitoci, ya riga ya ba da shaida da kansa: shekaru aru-aru ba a ce ba, amma da yawa sun girmi masu taka su. Siminti ne da tsakuwa aka zuba aka goge da inji, jiki ɗaya ne da daɓen. Mai hali ya yi shi, sai dai kada a goge shi ya yi sulɓi da yawa.

Ga talaka da matsakaicin magidanci, shawararmu ita ce kankare mai kyau, wanda magina ke kira jaman-fulo. A yi ciko da jar ƙasa kashi-kashi, ana jiƙawa ana dannewa, yadda mata ke yi da madaɓi. A ɗaga shi sama da hanya don kada ruwan layi ya shigo. A shimfiɗa leda mai kauri kafin zubi, ita ce ke tare danshi. Kaurin kankaren ya kai inci 4, a kwaɓa awo 1 na siminti, 2 na yashi mai tsabta, 4 na tsakuwa, kada a cika ruwa don neman sauƙin aiki. A ɗan karkata shi zuwa ƙofa, a tsaga layi duk bayan kamar mita 3 domin idan zai tsage ya bi nan. Sannan a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, a hana mota hawa sai ya yi ƙwari. Garejin da ya kai mita 3 a faɗi da 6 a tsawo zai ci buhu 11 zuwa 12. Akwai kuma ruwan silikat da ake shafa wa kankare ya shige cikinsa ya ƙara masa tauri, ya rage ƙura. Wannan shi ne makubar zamani.

Mun san abin da za a ce: siminti ya yi tsada. Gaskiya ne, a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000, kuma a irin wannan yanayi ne ake rage buhu uku a ƙara yashi, sai a zo a rufe aibin da tayil. Amma lissafin bai fita ba. Wanda ya rage siminti zai biya sau biyu: kuɗin fasa na farko da kuɗin zuba na biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka mai da ruwa suke yi wa daɓe. Idan kuɗi ba su isa duka ba, a zuba kankare nagari bana, a bar ado sai baɗi. Kankare mai kyau zai jira shafi shekara goma, shafi kuwa ba ya gyara ruɓaɓɓen kankare.

Wasu kuma za su ce ido ma yana da haƙƙi, gida ai sai da ƙawa. Ba mu musa ba. Ana iya haɗa jan garin launi da simintin sama tun wajen zubi, kamar yadda aka yi a gine-ginen da, launin ya zama jikin daɓen. A ajiye faranti ko tsohon kwali inda babur ke ɗigar mai, a ɗora buhunan hatsi a kan katako, shi ke nan.

Don haka idan magini ya tambaye mu launin da muke so, mu fara tambayarsa buhu nawa zai zuba, ina ledar, kuma wa zai riƙa ba daɓen ruwa har kwana 7. Ranar zubi ma mai gida ya tsaya a wurin da kansa ya ƙirga buhunan.

Allah ya sa mu gina abin da 'ya'yanmu za su gada. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.