Igiya ko Tsaki: Yadda Ya Kamata a Karɓi Sabuwar Kaza a Gida

Akwai wata tafiya da kusan kowace kazar gida ke yi sau ɗaya a rayuwarta. Ranar kasuwa ake ɗaure mata ƙafafu da tsumma, a rataye ta kai ƙasa a jikin babur, ta sha rana da ƙura har a iso gida. Da isowa sai a kwance ƙafa ɗaya, a ɗaure ɗayar a jikin turmi ko turke na kwana biyu ko uku, wai don ta san gida. Ranar da aka sake ta, da magariba ta gabato, sai a tura yara su koro ta akurki. Su bi ta da gudu da ihu, ta haye katanga, a jefe ta, a damƙo ta ta fiffike. Bayan wata guda uwargida na ƙorafin cewa kazar nan ba ta da kirki: ba ta kusantar kowa, kuma a bayan ɗakin maƙwabta take zuba ƙwanta.

Laifin ba na kazar ba ne. Igiya tana iya koya mata inda aka ɗaure ta, amma ba ta koya mata cewa mutanen gidan ba abin gudu ba ne. Abin da ke koya mata wannan shi ne tsaki kaɗan, a lokaci ɗaya kullum, daga hannun da bai taɓa kai mata cafka ba. Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin shagwaɓa dabba, ko aikin wanda ya rasa abin yi. A gaskiya wani ɓangare ne na kiwo, kamar gina akurki da zuba ruwa, kuma gidan da ya tsallake shi yana biyan kuɗinsa da ƙwai da kaji.

Abin da kaza ke gani

Kakannin kazar gida tsuntsayen daji ne na kudu maso gabashin Asiya, waɗanda suka rayu a ƙasa cikin maƙiya. Wannan gadon yana nan a jikinta. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya ba. Masu nazarin halayyar dabbobi sun tabbatar da abin da tsofaffin ƙauye suka daɗe da sani, cewa kukan da kaji ke yi idan sun hango shirwa ko shaho a sama daban yake da wanda suke yi idan muzuru ya ɓullo ta ƙasa. A wurin kaza, babban abin da ya sunkuyo mata daga sama da sauri mutuwa ce. Mutumin da ya tsaya a kanta ya miƙo hannu yana yin daidai abin da shaho ke yi.

Ga kuma ƙwaƙwalwa. Tun a farkon shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kaji na da tsarin girma a tsakaninsu: kowace ta san wadda za ta iya sara da wadda za ta kauce wa. Tsarin ba zai yiwu ba sai da iya gane juna da tuna abin da ya faru jiya. Halittar da ke tuna wace kaza ce ta sare ta ba za ta manta da irin hannun da ya rataye ta kai ƙasa ba. Amma wannan ƙwaƙwalwar ita ce kuma ƙofar gyara, domin kazar da ke tuna wuya tana tuna daɗi.

Abinci kuwa shi ne harshen da kaji ke sada zumunta da shi. Uwa idan ta tono wani abu sai ta yi wani ɗan gajeren kira, 'yan tsaki su sheƙo. Zakara ma haka yake yi: ya ɗauki ƙwayar hatsi ya ajiye, ya sake ɗauka yana kira, har kaji su taru. Mai kiwon da ke karkaɗa kwano kafin ya watsa tsaki bai ƙirƙiro wani sabon abu ba, ya shiga maganar da kaji suka riga suka iya ne.

Abin da tsoro ke ci

Babbar asarar mai kajin gida ita ce cutar Newcastle, wadda ke share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da rigakafinta, har da nau'in I-2, wanda aka fara haɗawa a Ostareliya domin kajin karkara saboda ya fi sauran jure zafi. Hanyar da ta fi inganci wajen bayar da shi ita ce ɗiga shi a ido, kuma ana maimaitawa kamar kowane wata huɗu. Ma'ana, sai an riƙe kowace kaza a hannu sau uku a shekara. A gidan da kama kaza ɗaya ke buƙatar yara huɗu da tseren rabin sa'a, kazar da ta fi wayo ita ce ke tsallake rigakafin, kuma sau da yawa ita ce ke kwaso cutar daga yawo.

Haka batun gane rashin lafiya. Kaza na ɓoye ciwonta har sai ya ci ƙarfinta, domin a daji wadda ta nuna rauni ita ake fara ɗauka. Gashi yana rufe rama. Sai an ɗauke ta an taɓa ƙashin ƙirji za a san ta zube, sai an ɗaga fiffike za a ga ƙwarƙwata. Mai kiwon da kajinsa ke taruwa a gabansa kowace yamma yana da ma'auni kyauta: wadda ta saba zuwa da gudu, yau ta tsaya baya ta takure, ta riga ta faɗa masa akwai matsala kwana ɗaya ko biyu kafin a ga sauran alamu. Wannan tazarar takan isa a ware ta kafin ta shafa wa saura.

Sai ƙwai. Binciken da Paul Hemsworth da abokan aikinsa suka yi a gonakin Ostareliya ya nuna cewa kajin da suka fi tsoron mutane sukan gaza wajen yawan ƙwai. A tsakar gida asarar ta fi fitowa fili. Kaza na neman wurin da ta natsu da shi kafin ta yi ƙwai, kuma idan gidansu wurin kora ne, za ta nemi kango ko gidan maƙwabta. Kazar Hausa da wuya ta wuce ƙwai 60 a shekara, saboda kwanci na kwana 21 da renon 'yan tsaki suna cinye mata watanni. Wanda ya rasa zubi ɗaya ya rasa kaso mai tsoka na amfanin shekara, ban da rigimar da ke tashi tsakanin maƙwabta kan ƙwan da ba a san mai shi ba. A gidaje da yawa kajin nan na mata ne da yara, su ne asusun da ake taɓawa idan an kori yaro kuɗin makaranta ko baƙo ya sauka ba shiri. Asarar ba ƙarama ba ce a wurinsu.

Yadda ake yi

Matakin farko shi ne a bar igiya. Sabuwar kaza na buƙatar akurki ko keji nata daban, a inuwa, da ruwa da abinci, nesa da tsofaffin kajin gida na aƙalla mako biyu. Wannan warewar tana yin aiki biyu. Tana ba duk cutar da aka kwaso a kasuwa lokacin bayyana kafin ta shiga garke, tana kuma koya wa kazar inda za ta kwana fiye da yadda igiya za ta koya mata, ba tare da ciwon ƙafa ba. Kwana biyun farko a ƙyale ta kawai, a hana yara leƙe.

Daga nan sai mutum ɗaya ya ɗauki nauyin zuwa, a lokaci ɗaya kullum. Bayan la'asar ya fi, domin lokacin ne kaji ke neman cika ciki kafin kwana, kuma kiran da aka saba musu da shi a wannan lokaci shi ne zai riƙa dawo da su gida nan gaba. Ya zauna ƙasa ko a kan 'yar kujera, ya ba ta gefe maimakon ya fuskance ta, ya karkaɗa kwano, ya watsa tsakin nesa da shi, ya yi shiru. Gobe ya rage tazarar kaɗan. Idan ta ja da baya, an yi gaggawa ne, sai a koma inda aka tsaya jiya. A ƙarshe ya shimfiɗa tafin hannu a ƙasa da tsakin a ciki.

A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin. Ranar da kaza ta fara ci a hannu, sai zuciya ta ce a cafke ta. Wanda ya yi haka ya koya mata cewa tsaki tarko ne, kuma gyaran zai fi farawa wuya. Taɓawa ta farko ta zama a ƙirji ko a gefe, daga ƙasa, tana cikin ci. Idan akwai larurar ɗaukar ta kafin ta saba, a jira dare. Kaza ba ta gani sosai a duhu, ana iya ɗaukar ta daga makwancinta ba tare da kora ba, hannu biyu a kan fukafukai, a tallafe ta a jiki, ba a riƙe ta ta ƙafa ba.

Tsawon lokacin ya danganta da irin kazar. Noila da Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, da yake a hannun mutane suke tashi tun suna 'yan tsaki, sukan saba cikin kwanaki. Kazar Hausa da ta girma tana kiwon kanta a bola tana iya ɗaukar makonni, wata ma ba za ta taɓa yarda a shafa ta ba. Wannan ba faɗuwa ba ce. Abin da ake nema shi ne ta zo idan an kira, kuma kada ta firgita idan an matso.

Ranar haɗa ta da tsofaffin kaji ma tsaki na da aiki. A fara bari su ga juna ta raga na 'yan kwanaki, sannan a watsa abinci a wurare biyu ko uku, domin manyan ba za su iya tsare ko'ina a lokaci ɗaya ba.

Iyakar tsaki

Akwai masu cewa ba kaji abin marmari na lalata su, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare. Kaza mai ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, tana kuma buƙatar abincin da sinadarin gina jiki ya kai kashi 16 cikin 100 ko fiye, ga sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai. Gero da dawa da masara ba su kai wannan ba. Idan ta cika ciki da hatsi zalla, ƙiba za ta yi, ƙwai ya ragu. Shi ya sa masana kiwo ke ba da shawarar kada abin marmari ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin rana, wato abin da bai fi cokali ɗaya ba ga kowace kaza. Gara da fara sun fi hatsi amfani a nan, kuma kaji sun fi son su. Ganyen zogale ma yana da kyau. Abin gudu shi ne masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, saboda gubar da ke cikinta tana lalata hanta, da ragowar abinci mai gishiri da yawa.

Kusanci kuma yana da ƙa'ida. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, kuma cutar ta sha dawowa tun daga lokacin. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaji wajibi ne. Yara kada su sumbace su ko su kwana ɗaki ɗaya da su, kazar da ta mutu ba a san dalili ba kuma ba ta tukunya ba ce.

Suka mafi nauyi ita ce wadda karin magana ya riga ya faɗa: sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Me ya sa za a ɓata makonni ana neman amincewar abin da ƙarshensa wuƙa ce ranar Sallah? Karin maganar gaskiya ne, amma bai ce sabo ba shi da amfani ba. Kazar da za ta yi shekara biyu ko uku a gida, ranar yanka rana ɗaya ce daga cikin ɗaruruwa, kuma sauran ranakun su ne ke kawo ƙwai da 'yan tsaki. Ko a ranar ƙarshen ma akwai bambanci tsakanin kazar da aka ɗauka cikin natsuwa da wadda aka zagaya unguwa da ita har ta faɗi tana haki. Koyarwar Musulunci ta umarci a kyautata wa abin yanka, a wasa wuƙa, a sauƙaƙa masa. Yana da wuya a ce kyautatawar ta fara ne a minti na ƙarshe kawai.

Gyaran da ake nema bai kai farashin mudun gero ba. Keji maimakon igiya, mutum ɗaya maimakon rundunar yara, minti goma bayan la'asar, da haƙurin kada a rufe hannu ranar da kaza ta fara ci a cikinsa. Ma'aikatan faɗakar da manoma da ke zagaya ƙauyuka da rigakafi ya dace su riƙa koyar da wannan tare da ɗigon ido, domin rigakafin ba ya isa ga kazar da ke kan katanga.