Kada ku sayi bindigar da ba ku san asalinta ba

Mafarauta, 'yan sintiri, manoman bakin daji, ku saurara!

Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ne suka yi ɓatan dabo daga hannun 'yan sandan Najeriya, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47. Ƙasa ba ta haɗiye su ba. Suna yawo hannu zuwa hannu, tare da waɗanda aka ƙwace a ofisoshin da aka kai wa hari, da waɗanda aka ɗauke daga gidajen masu lasisi. Wata rana ɗaya daga ciki za ta iso ƙofar gidanka naɗe cikin buhu, da farashi mai daɗin ji.

Ranar nan ka tambaya: ta wace ce? Ina lasisinta? Lambar da ke jikin ƙarfen ta yi daidai da ta takardar? In an kankare lambar, ko mai kayan yana ta waige-waige yana cewa a gama kafin gari ya waye, ka tashi ka bar wurin. Ba ka san wanda aka harba da ita a hanyar Birnin Gwari ko a dajin Zamfara ba, kuma ran da aka same ta ƙarƙashin gadonka, kai za a tambaya. "Wallahi saya na yi" ba ta fitar da kowa a gaban alƙali. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini.

Mun san tsoro ne ke kai mutane wannan ciniki, kuma tsoron na gaskiya ne. To amma kuɗin da ka miƙa wa ɓarawon bindiga shi zai sa ya koma ya sato wata.

Dokar makamai ta 1959 ba ta bar kowa a baya ba: baki-biyu sai da lasisin Sufeto Janar, bindigar toka ma Kwamishinan 'yan sanda na jiha yana da ikon hana riƙe ta ba lasisi. Mai sayarwa kuma, kada ka miƙa taka ga wanda ba shi da lasisi, ko da ɗan ɗakinku ne. In an sace maka, ka kai rahoto a ranar, da lambarta.

Sarakunan baka, ku tara yaranku ku rubuta bindigar kowa da lambarta. Masu unguwanni, duk baƙon da ya zo tallar makami, sunansa ya isa wurin DPO kafin ya bar gari.