Idon Da Ke Bin Ma'aikaci Har Cikin Ɗaki

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani binciken kimiyya da ya kamata mu zuba masa ido, watau neman hanyar gane inda mutum yake a cikin gini ta na'urar da ke jikinsa, kamar agogo ko katin aiki.

Dalilin binciken kuwa shi ne, taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga doron ƙasa. Kafin saƙonsu ya iso ya yi rauni, bango da rufi kuma su tare shi. Don haka masana suka koma ga wasu dabaru. A 1992 masu binciken kamfanin Olivetti a Kambirij ta Ingila suka bayyana wani kati da ke aika alama kowace daƙiƙa 15, don a san ɗakin da za a tura wa ma'aikaci kiran waya. A 2000 masanan Microsoft suka nuna cewa ƙarfin saƙon rediyo na haɗa kwamfutoci yana iya nuna wurin mutum da kuskuren mita biyu zuwa uku. Yanzu kuwa fasahar UWB, wadda ke auna lokacin tafiyar saƙo, ta rage kuskuren zuwa kimanin taƙi guda.

Ba mu musun amfanin wannan abu. A 1999 'yan kwana-kwana shida suka rasu cikin wani katafaren ɗakin ajiya a garin Usta ta Amurka, bayan hanyar fita ta ɓace wa wasunsu cikin hayaƙi, wannan masifa kuwa ta zaburar da masana. Haka nan na'urar za ta taimaki tsohon da ya faɗi shi kaɗai, da majinyacin da ruɗewa ta fitar daga gadonsa.

Amma fa wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. A 2018 kamfanin Amazon ya sami haƙƙin mallakar ƙirar wani awarwaro mai bin motsin hannun ma'aikaci. Katin da zai ceci mutum ranar gobara shi ne zai gaya wa shugaba minti nawa akawu ya yi a masallaci ko bayan gida, da kuma waɗanda suka zauna da jami'an ƙungiyar ƙwadago.

Ra'ayinmu shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nijeriya ta sami dokar kare bayanan mutane a 2023. Wajibi ne mu karanta ta. Duk ma'aikatar da za ta rataya mana irin wannan kati, mu tambaye ta: wa zai ga bayanin, kwana nawa za a ajiye shi, kuma ana iya kashe katin bayan tashi daga aiki? Ɗalibanmu na injiniya kuma su shiga binciken, su ƙero na'urar da mai ita ke riƙe da linzaminta. In ba a amsa mana waɗannan tambayoyi a rubuce ba, kada mu miƙa wuya a rataya.